Aski, Kitso da Rini Bayan Dashen Gashi: Abin da Kai Zai Ɗauka da Lokacin da Zai Ɗauka

Dashen gashi ba ya ƙara wa kai ko sili ɗaya. Saiwa ake ɗebowa daga ƙeya da gefen kai, inda sanƙo bai cika kaiwa ba, a dasa ta a goshi ko tsakar ka. Tun a 1959 likitan fata Norman Orentreich na birnin New York ya nuna cewa saiwar ƙeya tana riƙe halinta duk inda aka kai ta, kuma a kan haka aikin yake tafiya har yau. Saboda haka gashin da ya fito naka ne na gaske. Yana tsawo, ana aske shi ya dawo, yana karɓar rini, yana furfura idan lokacinsa ya yi. Amma akwai abubuwa uku da aka riga aka yanke tun ranar aikin, waɗanda babu mai askin da zai iya sauya su: yawan gashin da aka dasa, ɓangaren da aka kwantar da shi, da irin tabon da aka bari a ƙeya. Duk askin da za ka zaɓa daga baya, cikin iyakar waɗannan ukun yake.

Kwana goman farko

A waɗannan kwanaki babu maganar ado. Kowace saiwa tana zaune ne a ɗan rami, daskararren jini kaɗai ke riƙe da ita, kuma sai wajen kwana 9 zuwa 10 take kamawa sosai. Kafin nan, farce ɗaya ko gogar wuyan riga na iya tumɓuke ta. Alamar an tumɓuke saiwa ita ce jini ya biyo bayanta. Wadda ta fita ta fita ke nan, ba ta komawa.

Ka sa riga mai maɓalli a gaba, ba wadda ake zurawa ta ka ba. Wanki yakan fara a kwana na 2 ko na 3, gwargwadon umarnin likita. Ka zuba shamfu mai laushi kamar cokali ɗaya a kofi, ka kaɗa da ruwa mai ɗumi-ɗumi har ya yi kumfa, ka ɗora kumfar a wurin dashen da tafin hannu ba tare da murzawa ba, sannan ka ɗauraye da kofi. Kada ka tsaya ƙarƙashin shawa mai ƙarfi. Wajen tsanewa, ka ɗora tawul mai laushi ka ɗaga, ko ka bar iska ta busar. Daga kwana na 10 za ka iya murza wurin a hankali da tsokar yatsu don ɓawon ya saki, kuma yawanci kafin kwana na 14 ya kaɗe. Idan ka ga ɓawo ya faɗo da guntun gashi a jikinsa babu jini, kada hankalinka ya tashi. Silin ne ya fita, saiwar na nan a ƙasa.

Hula sakakkiya wadda ba ta taɓa wurin dashen tana iya hawa kai bayan mako guda zuwa kwana 10. Hular kwano, da duk abin da ke matse kai yana tara gumi, sai an yi wata guda aƙalla.

Watannin da kai ba ya kyan gani

Tsakanin mako na 2 da na 8 mafi yawan gashin da aka dasa zai zube. Wani lokaci har gashin asali da ke kewaye da wurin yakan bi shi, saboda girgizar aikin. Sabon tsiro yana fara leƙowa a wata na 3 zuwa na 4, siriri, wani nan wani can. A wata na 6 an ga kamar rabin abin da ake jira, cikakken sakamako kuma sai wata 12, tsakar ka ma takan kai wata 18. Gashi yana tsawon kusan santimita ɗaya a wata, mai murɗiya sosai kuma bai cika kai haka ba, ga shi yana naɗewa ya ƙara gajarta a ido. Wanda ke son santimita 6 a goshi ya lissafa wata shida daga ranar da tsiron ya fara, ba daga ranar aiki ba.

Matsalar wannan lokaci ita ce ƙeya da gefe suna ta cika, goshi kuwa fayau. Mafita ita ce a riƙa rage gefe da baya don bambancin ya ragu. Ƙeyar da aka yi wa FUE, wato aka ciri saiwa ɗaya-ɗaya daga cikinta, tana ɗaukar injin aski mai lamba bayan kamar wata guda. Wurin dashen kuwa, almakashi kaɗai, shi ma bayan wata guda, kuma a saisaye daga sama ba tare da ƙarfe ya taɓa fata ba. Injin aski a wurin dashe sai an yi wata 3 aƙalla, likitoci da yawa ma sun fi son wata 6. Aska ko reza sai bayan wata 6. Dalilin ba wai saiwa za ta fita ba ne, ta riga ta kama. Fatar ce ba ta gama warkewa ba, bakin inji yana zafi yana karce, sabon sili mai rauni kuma idan aka yanke shi dab da fata yakan lanƙwashe ya koma ciki ya zama ƙurji.

Kada ka yanke hukunci kan aski a wata na 5 ko na 6. Sabon gashin kan fito da taurin kai, wani a murɗe kamar waya ko da gashinka na asali mai santsi ne, ya ƙi kwanciya duk yadda aka taje. Yakan daidaita da kansa cikin shekara zuwa shekara da rabi.

Ƙeya ce ke faɗin iyakar gajartar aski

Mutane sukan zuba ido a goshi su manta da baya, alhali baya ne mai aski ke fara tonawa. A hanyar FUT, yanko zirin fata ake yi daga ƙeya a ɗinke, a cire zaren bayan kwana 10 zuwa 14. Abin da ke saura shi ne tabo siriri a kwance, wani lokaci daga bayan kunne zuwa bayan kunne. Gashi ba ya fitowa a kansa, sai na samansa ya rufe shi. Lambobin injin aski suna tafiya ne haka: lamba 1 milimita 3, lamba 2 milimita 6, lamba 3 kusan milimita 10, lamba 4 milimita 13. Tabon FUT mai kyau yana ɓuya a lamba 3 ko 4. Wanda ya buɗe ya yi faɗi yana bukatar santimita 2 ko fiye. Askin da ke sauka a hankali daga cika zuwa fata yana yiwuwa, da sharaɗin saukar ta fara daga ƙasan tabon, wato a bar gashin da ke kan layin da cikarsa, a share can ƙasa kusa da wuya kawai.

A hanyar FUE, wadda aka fara bayyana ta a 2002, saiwa ɗaya-ɗaya ake cirewa da ɗan bututu mai faɗin milimita 0.7 zuwa 1. Ana tallata ta da cewa ba ta barin tabo, kuma wannan ba daidai ba ne. Tana barin ɗigo-ɗigo dubbai, kowane rami da nasa. A lamba 2 ba a ganin su, a lamba 1 yawanci suna ɓuya idan an warwatsa ɗibar da kyau. A ƙwal-kwabo suna fitowa, kuma a fata mai duhu sun fi bayyana, domin tabon yakan fi fatar da ke kewaye da shi haske. Idan kuma an yi wa ƙeya ɗibar karan mahaukaciya, wato an cire saiwa da yawa daga wuri ɗaya, gajeren aski zai nuna ta kamar tufar da asu ya ci. Irin wannan ƙeyar tsawo take so, lamba 3 zuwa sama.

Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a sauka da lamba ɗaya-ɗaya. Ka fara da 4, ka duba da madubi biyu a hasken rana, ba a hasken shago ba. Idan babu abin da ya nuna, aski na gaba ka gwada 3. Lambar da tabo ya fara leƙowa, ka koma ta samanta ka tsaya nan.

Yawa da kwanciya

Kan da bai taɓa sanƙo ba yana ɗauke da saiwa kamar 60 zuwa 100 a kowane murabba'in santimita, masu gashi mai murɗiya suna ɓangaren ƙasa na wannan adadi. Dashe kuwa yakan sa 30 zuwa 50 a zama ɗaya. Ba rowa ba ce. Idan aka cusa fiye da abin da jinin fatar zai iya ciyarwa, wasu saiwoyin mutuwa za su yi, kuma abin da ƙeya za ta iya bayarwa tsawon rai yana da iyaka, yawanci tsakanin saiwa 4,000 da 8,000. Sa'ar da aka yi ita ce ido ba ya gane ƙarancin gashi sai ya ragu da kusan rabi. To, a bakin wannan iyakar dashe yake zaune, kuma aski ne ke tura shi ko dai ya yi kama da cikakke ko fata ta riƙa haskowa.

Ga mai gashi mai santsi, tsawon santimita 3 zuwa 6 a sama, gefe kuma gajere, shi ya fi rufewa. Gajeren gefe yana sa sama ta yi kamar ta fi cika. Gashi mai tsawo sosai yana nauyi, ya kwanta, ya rabu gida-gida. Jel mai sheƙi da man gashi mai maiƙo su ne manyan masu tona asiri, domin suna haɗe sili goma su zama igiya ɗaya, fata ta fito tsakaninsu tana ƙyalli. Ka nemi abin gyaran gashi marar sheƙi, ka ɗebi kamar girman ƙwayar wake, ka murza a tafin hannu har ya ɓace, ka shafa a busasshen gashi daga baya zuwa gaba. Kowane irin man ado sai bayan mako 3 zuwa 4 da aiki, kuma a wanke shi kafin a kwanta.

Mai gashi mai murɗiya ya fi kowa riba a nan. Sili ɗaya da ya naɗe yana rufe fili fiye da miƙaƙƙe, kuma idan launin gashi da na fata sun yi kusa, ido ba ya saurin ganin gibi. Tsawon santimita 1 zuwa 2 da aka taje ya tashi yakan wadatar. Wannan ribar ce mutum ke zubarwa ranar da ya miƙar da gashinsa da sinadari: abin da ya yi kama da cikakke jiya sai ya koma ƙwarori.

Kwanciyar gashi kuma, likita ne ya tsara ta lokacin da yake huda ramukan. A goshi, gashi yana fitowa a karkace yana kallon gaba, a gefen goshi ya fi kwanciya har kusan manne da fata yana kallon ƙasa, a tsakar ka kuma yana zagayawa kamar guguwa. Inda aka karkata shi, nan zai bi har abada. Taje shi gaba ko gefe bin halinsa ne, sili yana hawa kan sili kamar jinka, rufin ya yi kauri. Taje shi baya yana yiwuwa idan ya yi tsawo, amma yana ɗaga gashin ya buɗe gindinsa, ya kuma baje layin goshi a fili, wurin da duk kuskuren aiki yake taruwa. Tsaga ma haka take: layi ne na fata tsirara, idan aka ja ta a tsakiyar wurin dashe za ta yi faɗi. A ja ta inda gashin asali ya fi kauri, ko a bar ta a karkace ba miƙe sak ba. Wanda ya san da ɓangaren da yake tsaga, ya faɗa wa likita tun kafin aiki don a ƙara cika wajen.

Gyaran layin goshi da reza yana bukatar magana ta musamman. Saiwa tana ɗauke da sili 1 zuwa 4. Likitan da ya san aikinsa yana jera masu sili ɗaya a sahun gaba, cikin ɗan zigizag, masu biyu da uku kuma a bayansu, don goshin ya fara da laushi kamar na halitta. Mai askin da ya zo ya ci milimita 3 ko 4 don ya fitar da layi mai kaifi ya share sahun gaban ke nan, ya bar masu kauri a bakin layi kamar burushi, ga ɗigon saiwoyin da aka biya kuɗi aka dasa suna nunawa a gabansa bayan kwana biyu. Ka nuna masa inda dashen ya fara, ka ce ya bi bakinsa, kada ya shiga ciki.

Rini, sinadari da zafi

Rini sai an yi mako 4 zuwa 6 aƙalla, kuma sai babu ɓawo, babu ja, babu ƙurji. Gaskiya ma babu abin rinawa a wurin dashen kafin wata na 4, don haka jira ba ya cin komai. Yawancin baƙin rini yana ɗauke da sinadarin PPD, haka ma abin da ake sayarwa da sunan baƙin lalle, kuma yana iya tayar da kumburi da ƙuraje masu ruwa. Ka shafa kaɗan a bayan kunne, ka jira awa 48 kafin ka sa a kai, ko da ka saba amfani da shi a da. Dabarar da ba a cika sani ba ita ce, rinin da ya fi baƙi ƙirin a kan fata mai haske yana ƙara fito da gibi. Launin da ya ɗan matso kusa da na fata ya fi rufewa.

Sinadarin kashe launi da man miƙar da gashi sun fi rini tsanani nesa ba kusa ba. Man miƙarwa mai soda yana da ƙarfin da ke ƙona fata idan ya daɗe, ƙunar da ta yi zurfi kuma tana kashe saiwa ta bar tabo. A jira wata 6 aƙalla, shekara ta fi. Idan za a yi, a shafa man kariya a fatar, a tsaya kan sabon tsiro kawai, kada a wuce mintunan da aka rubuta a jikin kwalin, kuma a bar mako 8 zuwa 12 tsakanin wani da wani.

Haɗarin da ke ɓoye shi ne rashin jin taɓi a fata. Wurin dashe, da saman tabon FUT, sukan yi watanni ba sa jin taɓi sosai, saboda ƙananan jijiyoyin da aka yanke ba su gama haɗewa ba. Mutum zai iya ƙonewa bai ji ba, ko da sinadari ko da na'urar busar da gashi. A watan farko iska mai sanyi kaɗai. Bayan nan matsakaicin zafi, a riƙe na'urar santimita 15 zuwa 20 daga kai, ana motsa ta. Ƙarfen miƙar da gashi ya jira wata 6, kada zafinsa ya wuce digiri 180 a ma'aunin Celsius, kada kuma ya kusanci fata. Rana ma haka: wata 3 na farko a rufe kai idan za a daɗe a cikinta, domin sabuwar fata tana saurin ƙonewa ta canza launi.

Kitso, gashin ƙari da hular gashi

Mata da yawa da ke yin dashe a goshi da gefen kai, ja ne ya cinye musu gashin tun farko: kitso mai tsauri, ɗaurin gashi ta baya da ƙarfi, nauyin gashin ƙari. Saiwar ƙeya ba ta jin sanƙon gado, amma ja yana kashe ta kamar yadda ya kashe ta farko, kuma ƙeya ba ta da wata da za ta sake bayarwa ba iyaka.

Kada ki yi kitso a wurin dashe kafin wata 9 zuwa 12. Kafin nan za a iya kitse tsakiya da baya sako-sako bayan wata 3, a bar gaban ya huta. Idan lokaci ya yi, a yi manyan layuka, ba ƙanana ba, a bar santimita ɗaya zuwa biyu na bakin goshi a sake. Kitson da ya hana ki ɗaga gira, ya sa miki ciwon kai, ko ya fito da ƙananan ƙuraje a gindin gashi, a tsefe shi a ranar, ba sai ya kwana biyu ya "saki" ba. Kada ya wuce mako 6 a kai, a ba gashi hutun mako biyu kafin na gaba, a kuma sauya ɓangaren da ake ja. Gashin ƙari mai tsawo yana rataye nauyinsa ne a kan 'yan silin da aka ɗaura shi, wurin dashe kuma sili kaɗan ne ke raba nauyin. Dada ma tana ƙara nauyi yayin da take tsawo, kuma yawan murɗa gindinta ja ne.

Hular gashi tana iya rufe watannin jira bayan an yi kamar wata guda, in likita ya yarda, amma ba da gam ba, ba kuma da ƙananan matajan da ke cikinta suna cizon goshi ba. A sa mai madauri, a shimfiɗa hula mai santsi a ƙarƙashi, a cire da dare.

Gashin asali bai daina zuba ba

Dashe bai tsayar da sanƙo ba. Gashin asali da ke bayan wurin yana iya ci gaba da sirancewa, bayan wasu shekaru a wayi gari da tsibirin gashi a goshi da fili a bayansa, kuma babu askin da ke rufe wannan da kyau. Shi ya sa likitoci ke haɗawa da magungunan rage zubewar gashi: minoxidil na shafawa, wanda ake komawa kansa mako 2 zuwa 4 bayan aiki, da ƙwayar finasteride miligiram 1 ga maza. Finasteride sai da takardar likita, kuma mai ciki ko mai shirin ɗauka ba ta shan sa. Mai shafa minoxidil ya bari ya bushe sarai kafin ya sa wani abu a gashi.

Garin gashi da ake barbaɗawa yana manne wa sili ya ƙara masa kauri, yana aiki sosai a tsakar ka, kuma ana iya fara shi bayan wata guda. Sai dai yana bukatar gashin da zai kama, a fata tsirara ƙura kawai yake zama, ruwan sama da gumi kuma suna wanke shi. Wanda ya nace sai ƙwal-kwabo ko aski mai gajarta sosai, akwai zanen ɗigo-ɗigo da ake yi da allura da tawada a fatar kai, mai kwaikwayon gashin da aka aske. Yana ɓoye tabon FUT da ɗigon FUE, amma sai tabon ya gama warkewa, wato wajen shekara guda, ana yin sa a zama biyu ko uku, kuma yana kodewa cikin 'yan shekaru a sake bi.

Ƙurji ɗaya-biyu a wata na 2 zuwa na 4 ba abin tsoro ba ne, sabon sili ne ke neman hanya. A ɗora tsumma mai ɗumi na minti 10 sau biyu a rana, kada a matse. Amma ƙuraje masu yawa da mugunya, ja mai yaɗuwa, zazzaɓi, ko tabon da ya fara tasowa yana kauri yana ƙaiƙayi, musamman a ƙeya ga mai jikin da tabo ke kumbura, wannan na likita ne, kuma a dakatar da inji da reza a wurin har sai ya duba.